Triunfon da Yaya Elbio Ya Manta

Alhamis, 1 ga Yuni

Na dawo daga kulob, ko kot ban cire ba na zauna rubutu.

Yau Yaya Elbio ya buga hannu irin na ɗan koyo. Yaya Elbio fa! Mutumin da ya koya wa rabin unguwar Pocitos wasan kati na birij, wanda ya koya mini ni kaina a teburin kicin ɗin Mama ina 'yar sakandare. Mun taya zuciya huɗu, wato mun ɗauki alkawarin cin zagaye goma cikin sha uku, zuciya ce triunfo, ita ke yanka kowane launi. Shi ya fara ambaton zuciya, don haka shi ne mai bugawa, ni kuma gawa. Na shimfiɗa katina a fili na naɗe hannu, yadda doka ta ce. Wanda ya zama gawa ba ya magana, ba ya nuni, katin da mai bugawa ya kira shi kawai yake ajiyewa.

Kowa ya san halin Yaya. In gawa ta shimfiɗa kati sai ya yi tsit har shayin mutane ya huce. Ya ƙirga inda zai yi asara, ya nemi yadda zai rage ta, sannan ya yanke ko zai fara kwashe triunfon abokan hamayya ko zai jinkirta. Da ƙuruciya na sha mari a bayan hannu saboda saurin taɓa kati. "Auta, ina za ki? Kin ƙirga?"

Yau ko numfashi bai tsaya yi ba. Ina da ƙananan zuciya uku, da katin nan mai ganye guda ɗaya tak. Abin yi a fili yake, ya yanka ganyensa biyu marasa amfani da ƙananan zuciyoyina tukuna, daga baya ya kwashe triunfo. Shi kuwa ya ja zuciya sau uku a jere, ya share nawa tas, ya zauna yana kallon ganye biyu a hannunsa ba inda zai kai su. Muka faɗi da zagaye biyu.

Doña Ofelia, abokiyar hamayyarmu, wadda ba ta taɓa barin abu ya wuce ba ta sa baki ba, ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Don Elbio, yau sadaka ake rabawa?" Ya yi dariya ya ce gwada ta yake. Ni ban yi dariya ba.

Juma'a, 2 ga Yuni

Barci ne bai ishe shi ba. Ko sabon maganin hawan jinin nan. Na rufe maganar.

Alhamis, 8 ga Yuni

Mun zo na biyu a gasar kulob. Ya buga hannuwansa lafiya lau, har da wata dabara a launin daimon da ni kaina ban hango ba. Na ji kunyar abin da na rubuta makon jiya.

Na tsaya ina kallonsa yana shigowa, gemu a aske, laktaye shuɗi, takalmi na ƙyalli, yana gaisawa da kowa tebur bayan tebur. Tun da matarsa Beba ta rasu, ran Alhamis kaɗai yake aske gemu. Sauran kwanaki yana gida cikin suwaitar nan mai hudajjen gwiwar hannu, shi da rediyo. In aka raba shi da Alhamis ban san me zai saura ba, kuma ba na son in sani.

Alhamis, 15 ga Yuni

Wayyo Allah.

Zuciya huɗu kuma, da Ofelia kuma, kamar an yi mana baki. Muna da zuciya tara tsakaninmu, huɗu ke waje. Ya ja sau biyu, uku suka faɗo, saura ɗaya. Yaron da ya fara wasa jiya ma zai ja na uku. Yaya ya bar ta, ya shiga cin daimon ɗinsa hankali kwance, har da ɗan fito. Ofelia ta ɗora bakwai ɗin zuciya a kan sarkin daimon.

Ya daɗe yana kallon katin. Sai ya ce, "Wannan kuma daga ina?"

Ofelia ma ba ta yi tsokana ba, ta tattara katin a hankali ta sunkuyar da kai. Shirun nan nata ya fi ba ni tsoro a kan duk baƙar maganar da ta taɓa faɗa mini.

A wurin rataye kot na ji muryarta ta bayan labule tana cewa, "Don Elbio ya fara..." Ba ta ƙarasa ba. Na fizge labulen na ce, "Ya fara me, Doña Ofelia?" Ta ce wai ya fara ramewa. Maƙaryaciya. Yatsanta na kan gefen goshinta lokacin da na buɗe.

Lahadi, 18 ga Yuni

Mun fita bakin ruwa da ƙoƙon shayin mate da fulas, iska kamar ta cire wa mutum kunne. Garau yake. Ya lissafo mini sunayen 'yan ajinsu na firamare har da wanda ke cin alli. Na yi ta juya maganar a baki na kasa fitar da ita.

Abin da ya ɗaure mini harshe na san shi. Na tuna marigayi Don Heber, da ya tsufa ya rikice, mutane suka riƙa barin sa yana cin zagaye don tausayi, yana murna kamar yaro. Yaya ya ce mini a lokacin, "Ran da na zama haka, Auta, ki kore ni da kanki." Ba wasa yake ba, Yaya bai iya irin wannan wasan ba. Ran da ya gane, ranar zai ajiye kati.

To ba zai gane ba. Ni Nélida ina raye.

Alhamis, 22 ga Yuni

Na samo dabara, kuma ba ta karya doka. Wanda ya fara ambaton launi a tayi shi ke bugawa. To yau duk launin da na ga alamar za mu ƙare a kansa sai in riga shi ambata, ko da kuwa katina a wurin bai kai ya kawo ba. Kusan duk yamma ni ke bugawa, shi gawa. A gefen tsaro kuma har yanzu ba mai kama ƙafarsa. Mun zo na uku.

Wuyana ya ƙage saboda ƙirga. Ashe haka yake ji duk shekarun nan.

A cikin bas ya ce, "Yau kin ba ni hutu, Auta." Na ce kati ne ya zo haka. Na juya ina kallon taga har muka sauka.

Alhamis, 29 ga Yuni

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Shi ya raba, ya buɗe da zuciya kafin in samu bakin magana, ba yadda zan sace hannun. Ya yi shirunsa na farko, ya tsara, ya fara da kyau. Ya ja triunfo sau biyu, saura ɗaya a waje, kuma wasa na hannun gawa. Na ga leɓensa ya haɗu zai ce "daimon". Sai kawai na ga hannuna, nawa, wannan da nake rubutu da shi, ya tashi ya tsaya a kan zuciyar da ta rage a gabana. Bai taɓa ta ba. Tsayawa kawai ya yi, kamar na ƙiftawar ido biyu.

Yaya ya haɗiye maganarsa. Ya ce, "Zuciya." Triunfon ƙarshe ya faɗo, muka ci goma cif.

Ni! Ni da na taɓa kiran alƙaliyar wasa a kan wata mata don ta ja tsaki tana gawa. Shekara arba'in ina kulob ɗin nan ba wanda ya taɓa ce mini ko kanzil a kan gaskiyar wasana.

Yau ashirin da tara, na murza ñoquis, 'yan curin dankali da fulawa, tun safe kamar kowane wata. Ga su can a tukunya sun sandare, na kasa ci.

Asabar, 1 ga Yuli

Ba zan sake ba.

Alhamis, 6 ga Yuli

Na sake. Sau biyu.

Mun zo na ɗaya. Perla, alƙaliyar wasa, ta karanta sakamako aka tafa. Wani ya ce, "Don Elbio ya dawo!" Na ji daɗi, ƙarya ne in na ce ban ji ba. Wa na cuta? Ba kofi ake ba mu ba, biskit ne da shayi. Kati ɗaya kawai yake mancewa, sauran duk shi yake yi da kansa. Ana ba mai ciwon ƙafa sanda, ba a ce ya yi maguɗi.

A hanyar gida Yaya ya ce kansa ke ciwo.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ba zan manta da yau ba ko da ni ma nawa kan ya tafi.

Tebur na ƙarshe, Ofelia a damansa, ƙanwarta a hagu. Zuciya huɗu, Yaya ke bugawa. Komai ya tafi daidai har aka zo wurin da na sani. Ɗaya a waje, wasa a gawa, bakinsa ya nufi daimon. Hannuna ya tafi. Yanzu ma ba ya neman izinina.

Yaya ya kalli hannun. Ya ɗago ya kalle ni. Ya kife katinsa a tebur, ya ɗaga hannu sama ya ce da ƙarfi, "Alƙaliya!"

Na ɗauka Ofelia ce ta yi wani abu. Wallahi haka na ɗauka, har na juya ina hararar ta.

Perla ta zo da murmushinta. "Lafiya, Don Elbio?"

Ya ce, "Gawata ta faɗa mini cewa akwai sauran triunfo a waje. Ni na manta da shi. Da hannu ta nuna, kuma ba yau ta fara ba."

Duk ɗakin nan mai tebur goma sha biyu ya juyo yana kallonmu. Na ce, "Yaya!" Bai ko waiwayo ba.

Perla ta rasa inda za ta sa ido. Ta ce a hankali, "To, a ci gaba, zan duba sakamakon daga baya." Ya ce ba sai ta wahala ba, zai buga abin da ya yi niyya tun farko. Ya ɗauki katinsa ya ce, "Daimon, Nélida."

Nélida. Ba Auta ba.

Na ajiye daimon ɗin. Ofelia ta riƙe katinta ta ƙi sakewa, har sai da ya ce mata, "Yanka, Doña Ofelia, haƙƙinki ne." Ta yanka. Muka faɗi da ɗaya. Ya nemi Perla ta soke sakamakonmu na makonni biyun da suka wuce, ya gode wa mutanen tebur, ya ɗauki hularsa ya fita. Tasi ya hau. Yaya da bai taɓa hawa tasi ba in akwai bas.

Perla ta ja ni gefe ta ce gargaɗi ne kawai a wannan karon. Da dakatar da ni ta yi da ya fi mini, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Ɗan uwana, ciki ɗaya. A gaban Ofelia.

Juma'a, 14 ga Yuli

Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira don in zage shi, bai ɗauka ba.

Alhamis, 20 ga Yuli

Na je, don kar a ce na ɓuya. Bai zo ba. Perla ta haɗa ni da wani baƙo mai warin taba da ke buga kati kamar yana kashe sauro. Duk lokacin da na zama gawa sai in ji ido a kan hannuna.

A hutun shayi Ofelia ta zo ta zauna kusa da ni. Na shirya mata amsa mai zafi. Sai ta ce, "'Yar uwa, ni fa na ga hannunki tun ranar da kuka zo na ɗaya. Ba ni kaɗai ba ma. Mun ce a ƙyale, don Don Elbio."

Wato sun sani. Tafin nan da aka yi mana, da "Don Elbio ya dawo", duk irin na Don Heber ne. Abin da na yi ta gudun kar ya same shi, ni na kai shi da hannuna, ina ta alfaharin na iya ɓoyewa.

Na ce mata na gode. Ban taɓa tsammanin bakina zai faɗa wa matar nan haka ba.

Talata, 25 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Na soya tortas fritas, wainar fulawa, na naɗe a tawul na tafi gidansa, na buɗe da makullina ba sallama.

Yana teburin cin abinci, gemu ya yi fari fat, ya raba hannu huɗu a fili yana bugawa shi kaɗai. A gefe ya jera ƙwayar wake, duk triunfon da ya faɗo sai ya ture ɗaya. Ya ce, "A gida yana aiki. A kulob ba a yarda da wake ba."

Na dire tawul ɗin na fara. Na ce ya tozarta ni, ya mai da ni ɓarauniya a bainar jama'a, da ya ja ni gefe mana. Ya bar ni na gama. Ya ɗauki torta ɗaya ya ce ta yi mai da yawa.

Sannan ya ce, "Tun watan Maris na sani. Na ga likita. Ya ba abin suna, ya ba ni ƙwaya."

Na zauna. Tun Maris! Ni ina can ina murɗa tayi ina ɓoye masa abin da ya riga ni sani.

Ya ce, "Kin ɗauka ban ga kina sace mini hannu ba? Ni na koya miki tayi, Auta. Zuciya da kati huɗu ruɓaɓɓu, haba."

Na ce to me ya sa bai yi magana ba. Ya ce wancan rashin kunya ce kawai, ba maguɗi ba. Na hannun kuwa, sau uku ya karɓa. "Na karɓa, na ji daɗi, na dawo gida na kasa kallon madubi. Na san in na ja ki gefe za ki rantse ki sake, ni kuma in sake karɓa. Shi ya sa na faɗa inda ba za mu iya janyewa ba, mu biyun."

Ya ce zai rubuta wa Perla ya ajiye wasa. Na ce in ya yi haka zan fasa masa rediyo. Na yi kuka, abin haushi, har da majina. Na ce ya zo ya faɗi mana, mutane nawa ke faɗuwa kowace Alhamis ba su mutu ba? Baƙon da aka haɗa ni da shi ma da hankalinsa cikakke ya faɗi sau biyar.

Ya daɗe yana juya wake a yatsa. Ya ce zai zo bisa sharaɗi. Hannun da ya zo nasa, nasa ne. In ya manta, ya manta. Ran da ya ga kansa ya kasa tsara wasa tun daga katin farko, shi zai faɗa, ba ni ba. "In kuma hannunki ya sake tashi, ranar ce ta ƙarshe."

Na ce ban yi alkawari ba. Ya ce to kar in zo. Na ce kulob ɗin na ubansa ne? Ya ce uban namu ɗaya. Muka cinye tortas ɗin tas, wai masu mai da yawa.

Laraba, 26 ga Yuli

Ba zan iya ba. Na san kaina. In ga rami a gabansa in yi shiru?

Alhamis, 27 ga Yuli

Ya zo. Da ya shiga aka ɗan yi shiru, ya ce, "Ku ci gaba, ba bishop ba ne," aka yi dariya.

Ban murɗa tayi ko sau ɗaya ba. Hannu na shida ya faɗo masa, zuciya huɗu, da wasu mata biyu da ba su daɗe da shiga kulob ba. Na shimfiɗa. Ya yi shiru, ya daɗe, har ɗayar ta duba agogo. Sai ya fara. Ya ba da zagayen da dole ya bayar tun da wuri, ya yanka ganye a gawa, ya koma hannunsa, ya sake yankawa, sannan ya taɓa triunfo. Kowane kati a wurinsa. Na rantse ba mutum uku a ɗakin nan da za su tsara shi haka.

Ya ja zuciya sau biyu. Saura ɗaya, goma ce, tana hannun ta hagu, ina ganin yadda ta matse ta. Sarauniyar zuciya na hannunsa, ja ɗaya ya rage masa hannun ya ƙare. Ya shiga gawa da as, babban katin daimon. Ya tsaya.

"Daimon," ya ce.

Na ajiye daimon. Ta yanka da goma. Muka faɗi da ɗaya.

Ya kalli goman, ya ɗan gyaɗa kai. Da matan suka tashi zuwa wani tebur ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kin gan ta?"

Na ce, "Na gan ta, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ja na biyu."

Ya mayar da katinsa cikin allon ajiye kati a hankali, ya ce, "Na gode, Auta." Sai kuma ya ce amma tsarin ya yi kyau ko? Na ce ba laifi. Ya ce ba laifi a gidan wa, ni da ko a mafarki ba zan hango yanka na biyun ba. Muka yi ta musu har sababbin abokan hamayya suka zauna.

Kafaɗata dama ciwo take tun safe, sanyin nan ne. Ina jin shi ya sa hannun bai tashi ba. Ya ce Alhamis mai zuwa in biyo masa da wuri, ba ya son kujerar kusa da ƙofa.